Ɗinkin Kaki Mai Dabbare-Dabbare a Shagonmu na Katsina

A shagonmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura muna ɗinki da gyaran kakin soja mai dabbare-dabbare, kuma ba ma karɓar aiki sai mai shi ya nuna katin shaidar aikinsa, domin doka ta hana farar hula sanya shi.

Mutane da yawa sun ɗauka ado ne aka watsa wa yadin, alhali kowane tabo da aikinsa. Manufar zanen ita ce ya wargaza siffar mutum, ta yadda ido daga nesa ba zai tsinci kafaɗa ko kai a cikin ciyawa ba. A shekarar 1942 sojojin laima na Ingila suka fara sanya rigar Denison, wadda da farko da burushi ake shafa mata launi da hannu. Daga gare ta aka samo zanen kakin sojan Ingila da ake kira DPM, mai launi huɗu: baƙi, ruwan ƙasa, kore da launin yashi, kuma har yau ana ganin alamar jan burushin a bakin tabbansa. Amurka kuwa ta fito da nata Woodland a 1981, bayan ta faɗaɗa tabban wani tsohon zanenta na 1948.

Kawuna, wanda a wurinsa na koyi riƙe almakashi, shi ya fara nuna mini yadda zanen ke ɓoye siffa. Yakan rataya riga a jikin dalbejiya, ya ce: "Ɗana, ja da baya taku hamsin ka faɗa mini inda aljihu yake." Idan na gano shi, to an yanka ba daidai ba. Shi ya sa har gobe nake juya yadi kafin yanka, don kada baƙin tabo biyu su haɗu a ƙirji su zama abin saiti, kuma nake yi wa gwiwa da hammata ɗinki biyu da zare mai kauri.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadin jabu. Dillali zai rantse maka na ainihi ne, amma wanki uku koren ya koɗe ya koma fari-fari, rigar da aka yi don ɓoye mutum ta zama mai tona shi. Saboda haka duk bandir da ya shigo sai na yanki ƙyalle na jiƙa da sabulu, na shanya a ranar Katsina, kafin in biya. Masu cewa farashinmu ya yi tsada sukan dawo da rigar da aka ɗinka musu da araha a wani wuri, hammata a farke, su ce mu gyara.