Saura kaɗan in yarda a yi wa kwamfutata formate a banza

Abin ya faru ne cikin watan Afrilu, tsakiyar zafin nan na Damagaram da ko fanka iskar wuta take hurowa. Ina haɗa wa wani Alhaji mai sana'ar fata a Birni sit ɗinsa na intanet, jakunkuna da takalma da filo na fata, yana so ƴan uwansa da ke Agadas da Yamai su riƙa nuna wa baƙi hotunan kayan. Da Dreamweaver CS6 nake aiki, lojisiyel ɗin haɗa sit, na san tsoho ne, tun 2012 ya fito, amma da shi na koyi aikin kuma hannuna ya saba da shi, kwamfutar tawa ma ba za ta iya ɗaukar manyan lojisiyel na yanzu ba. Batir ɗinta kuwa ya mutu da daɗewa, in ba a jone take ba ko minti ɗaya ba ta yi.

Daren nan na gama shafin takalma, na yi sabe, na danna in rufe Dreamweaver ke nan sai aka ɗauke kuran, ɗif, allo ya yi baƙi. Ban damu ba tunda na riga na adana aikina, na ɗauki tabarma na fita tsakar gida na kwanta.

Da safe na kunna, na danna Dreamweaver, koren tambarin nan nasa ya fito ya tsaya kamar daƙiƙa biyar sai ya ɓace, babu saƙo babu komai, kamar ban taɓa shi ba. Na sake, haka. Na kashe kwamfutar na kunna, haka dai. Na sa antibirus ya bi ta kaf bai ga komai ba. To a nan ne na yi abin da kowa zai yi, na cire lojisiyel ɗin gaba ɗaya na sake saka shi, abin ya ci mini wajen awa biyu saboda kwamfutar a hankali take, ina gamawa na buɗe da bismilla, koren ya fito ya sake ɓacewa. Wallahi a lokacin gabana ya faɗi sosai, don jibi na yi wa Alhaji alkawari kuma ya riga ya ba ni rabin kuɗin.

Na hau kabu-kabu na kai ta wurin wani mai gyara a wajen Kasuwar Dole. Bai ma kai minti uku yana dubawa ba ya ce ɗan uwa wannan sai formate, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake saka Windows. Ba na ganin laifinsa, aikin da ya fi yawa a hannunsa ke nan kuma sau da yawa yana magance matsala, amma ni aikin shekara uku ne a ciki, da lambobin shiga sabar mutane huɗu da na yi wa sit, wato inda sit ɗinsu ke zaune a intanet, wasu ban ma rubuta su a ko'ina ba. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Daga nan na wuce Garin Malam wurin malamin da ya fara koya mini HTML, yaren rubuta shafukan intanet. Na same shi a zaure, muka gaisa, na kwashe labari na faɗa masa. Abin da ya fara tambaya shi ne me nake yi lokacin da kuran ya tafi. Na ce Malam rufe shi nake yi. Sai ya gyaɗa kai ya ce to buɗe sabon kont na Windows, na wani mutum daban, ka shiga da shi ka kunna Dreamweaver mu gani. Na yi. Jama'a sai ga shi ya buɗe lafiya lau, fes, kamar ranar da aka saka shi.

Ya ce ka gani ko, lojisiyel ɗinka ƙalau yake, kayan da ya ajiye a ɗakinka ne suka lalace. Wannan maganar ita ce ta buɗe mini kai, kuma ita ce dalilin da na zauna nake rubuta wannan. Shi lojisiyel yana zaune ne a Program Files, amma duk abin da ya shafe ka kai kaɗai, yadda ka jera tagogi, guntayen kod da ka ajiye, abin da ya haddace don ya riƙa tashi da sauri, yana rubuta su ne a wani ɓoyayyen dosiye cikin kont ɗinka mai suna AppData. Lokacin rufewa yake sabunta wasu daga cikinsu, ni kuma daidai lokacin aka yanke masa wuta, sai rubutun ya tsaya a rabi. Da safe da ya tashi abin da ya fara nema ya karanta ke nan, ya tarar da abin da ba ya karantuwa, sai ya faɗi. Cire shi da sake saka shi da na yi bai taɓa wannan dosiyen ba, shi ya sa sabon ya zo ya tarar da tsohuwar cuta tana jiransa.

Ga yadda muka bi. Na koma kont ɗina, na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta %appdata% na danna Entrée, ba sai ka tsaya neman yadda ake bayyana ɓoyayyun dosiye ba, kai tsaye yake kai ka cikin Roaming. Daga nan Adobe, sai Dreamweaver CS6, sai fr_FR tunda nawa na Faransanci ne, masu na Turanci en_US za su gani, sai Configuration. A ciki akwai wani fishiye da sunansa ya fara da WinFileCache, sai wasu haruffa da lambobi, ƙarshensa .dat. Malam ya ce shi aka fi kamawa da wannan laifin, kuma in ka cire shi Dreamweaver da kansa yake ƙera sabo. Na kai hannu zan goge ya ce a'a, ja shi ka ajiye a kan allo, kada ka goge abin da ba ka tabbatar ba. Na ja na ajiye, na kunna. Wannan karon ya ɗan wuce inda yake tsayawa, har tagar ta fara fitowa fara sol, sannan ya sake rufewa.

Sai muka je mataki na biyu, na canza wa dosiyen Configuration ɗin suna gaba ɗaya zuwa Configuration_tsoho. A kula fa, akwai wani Configuration ɗin a cikin Program Files, wancan na lojisiyel ɗin ne kansa, ba a taɓa shi, na cikin AppData kawai ake nufi. Da na kunna bai ga dosiyensa ba sai ya gina sabo, ya buɗe. Alhamdulillahi. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na lokacin ba, hannuna har rawa yake da na buɗe shafin takalman Alhaji na ga komai yana nan yadda na bar shi.

Amfanin canza suna maimakon gogewa sai daga baya na gan shi da kyau. Sabon ya zo babu guntayen kod ɗina ko ɗaya, menu da fom na tuntuɓa da na daɗe ina tarawa, amma suna nan cikin tsohon a dosiyen Snippets, na kwafo su na kunna, lafiya. Haka na riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, in kwafo in kunna in gani, ba duka a tare ba, don in ka juye su gaba ɗaya ka dawo da cutar kuma ba ka san wanne ba ne. Da na zo kan dosiyen Workspace sai na jera fishiyoyin bisa kwanan wata, na ga wani fishiye na xml girmansa 0 Ko, wato babu komai a cikinsa, lokacin da ke jikinsa daidai da lokacin da kuran ya tafi daren nan. Shi na bari a can, na sake jera tagogina da hannu, minti goma ya isa.

Jerin sit ɗina da lambobin FTP, wato na shiga sabar mutanen nan, kuwa ba su ɓata ba, ashe su a rajistar Windows, inda Windows ke adana saitunansa, CS6 yake ajiye su, ba a Configuration ba. Ka ga da na yarda da formate da su ma sun tafi, in koma ina kiran mutane ɗaya ɗaya ina neman lambar da ni suka ba amana. Tun kafin in tashi daga zauren Malam ya sa na shiga Site, Gérer les sites, na fitar da kowanne a matsayin fishiye .ste na zuba a kile. In ka zaɓi ya haɗa da sunan shiga da kalmar sirri to wannan kilen ba na aro ba ne, kada ka ba yara su kai sibar su yi firintin da shi.

Kuma ba Dreamweaver kaɗai ba ne mai ajiya a can. Notepad++, lojisiyel ɗin rubuta kod, yana da config.xml a AppData, ɗan uwansa VS Code yana da settings.json cikin Code sannan User, FileZilla ma, mai tura fishiye zuwa saba, sabobinka suna cikin sitemanager.xml. Bayan sati biyu ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya kawo mini tashi kwamfutar, Notepad++ ɗinsa ya rikice bayan an ɗauke musu wuta, na rufe shi na canza wa config.xml suna na kunna, ya dawo daidai kafin shayin da ya ɗora ya tafasa.

Alhaji na kai masa aikinsa da jinkirin kwana ɗaya, na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ya ce ba komai yaro, Allah ya yi albarka. Da ya cika mini kuɗin ban biya gida ba, kasuwa na wuce na sayi sabon batir na sa wa kwamfutar, yanzu in kuran ya tafi ina da wajen awa biyu da zan rufe komai a natse.