Zabuwa ta yi ƙwai, kaza ta yi kwanci

Zabbina ba sa fara ƙwai sai ruwa ya sauka, wajen watan Mayu, su ci gaba har ƙarshen Satumba. Asarar da na fi yi a farko ba ta cuta ba ce, ta gurbi ce. Zabuwa takan shige gona ko ƙarƙashin ƙaya ta yi gurbinta, wasu biyu ko uku su bi ta su zuba a wuri ɗaya, kafin ka gano kare ko maciji ya riga ka.

Galibi tsakanin hantsi da azahar suke sakawa. Don haka da damina ta kama nake tsare su a akurki har ƙarfe 2 na rana, da dawa da ruwa, in zuba ƙaiƙayi a kusurwa mai duhu, in jingina zana a kai. Bayan kamar mako guda sukan saba. Wadda ta riga ta yi gurbi a waje, namijinta nake bi da ido, don yakan tsaya gadi kusa da ita.

Wajen kwasa, kada a share gurbin. Ina barin ƙwai 3, in yi musu alama da gawayi, kullum in ɗebi sababbin. Mutane na cewa a ɗauka da ludayi don kada ta ji warin hannu. Ni dai abin da na gani shi ne, gurbin da aka bari fayau ko aka tattake ciyawarsa shi take gudu.

Ba na barin zabuwa ta yi kwanci. Da ta kwanta ƙwai ya tsaya, in kuma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Kazar gida nake sa wa, ƙwai 12 zuwa 15 gwargwadon girmanta, waɗanda ba su wuce kwana 7 a ajiye ba, a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Na zabo yana cin kwana 26 zuwa 28, na kaza 21. In ka haɗa su rana ɗaya, kazar za ta tashi da nata 'yan tsakin ta bar maka baragurbi. In dole ne a haɗa, a ƙara na kazar bayan mako guda. Yawan baragurbi kuma yakan zo daga ƙarancin maza. Ba na wuce mata 4 ga namiji ɗaya.

Makonni 6 na farko su ne masu wuya. 'Yan zabin ba sa fita sai rana ta busar da ciyawa. Abincinsu gara da ɓarzajjen gero, ruwansu a kasko marar zurfi da tsakuwa a ciki, don ɗan zabo yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba.