Shaddar da ta kwana tara a kan tebur

Talata da dare, Tudun Wada, Kaduna.

Yau an kawo wuta tun kafin kiran sallar Asuba, ba a kuma ɗauke ta ba sai wajen La'asar, amma duk tsawon wannan lokaci ban taka keken ɗinki ba ko sau ɗaya. Makonni uku ke nan tun Ƙaramar Sallah ina gaya wa kaina, ina kuma gaya wa masu kaya, cewa rashin wuta da tsadar mai ne suka tsayar da aiki. Akwai gaskiya a maganar, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 babu telan da ke tayar da janareta bai yi lissafi sau biyu ba. Sai dai yau wannan hujja ba ta tsaya mini ba. Fanka tana juyawa, ƙwan lantarki yana ci da rana tsaka, kekuna biyu suna jira, ni kuwa ina zaune a kan benci da waya a hannu.

Na yi Asuba a masallacin layinmu, na dawo da niyyar in sha shayi in fita kafin ƙarfe bakwai, sai na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai tara saura, yara sun daɗe da tafiya makaranta, zafin bazara ya riga ya cika ɗaki. Maiɗakina ta ajiye mini koko da ƙosai, ta ce, "Malam, yau ma ba da wuri za a fita ba?" Cikin ladabi ta yi tambayar, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, domin da na sami abin mayarwa. Na san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, na kuma san cewa sahabin da ya ruwaito shi, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne da ke tura hajarsa da sassafe har ya yi arziki. Tun ina Islamiyya na haddace wannan, amma sanin bai ɗaga ni daga katifa ba.

Ƙarfe goma da rabi na isa shago. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya riga ya buɗe, ya yi shara, ya sa wa kekuna mai, ya jera zare, yana zaune ya haɗa hannuwa. Ya ce, "Oga, sannu da zuwa, me za mu fara?" Na ce masa ya bari in huta tukuna, alhali ban yi komai ba balle in gaji. Mahaifinsa ya kawo mini shi bara, ya ce ga amana, a koya masa sana'a, kuma a makonnin nan abin da yake gani a wurina shi ne mutum ya zo a makare ya zauna.

A kan teburin yanka akwai shadda Gezna fara ƙal, yadi goma, wadda wani Alhaji ya kawo domin ɗaurin auren ɗansa: babbar riga, 'yar ciki da wando. Yau kwananta tara a nan. Kullum sai na ɗaga ta, na shafa ta, na duba awon da na rubuta a littafi, sa'annan na mayar da ita cikin ledarta. Kuɗinta ya fi hayar shagona ta watanni da yawa, kuma na karɓi kafin alƙalami har na riga na kashe. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma tsoronta nake ji. Bara na yanka irinta da awon wani mutum daban, domin na buɗe shafin da ba shi ba, riga ta fito a ɗangale, na biya daga aljihuna, mai ita kuma bai sake dawowa ba. Shekara tara na yi a shagon maigidana a Kasuwar Barci, kuma a can shi ne ke riƙe almakashi a kan kowane yadi mai tsada, mu namu ɗinki ne da kalmasa da sa maɓalli. In an yi ɓarna shi ke fita ya ba da haƙuri. Da na buɗe nawa shekara uku da suka wuce murna nake yi babu mai yi mini tsawa, ban lura ba cewa daga ranar duk wani kuskure a wuyana zai kwana.

Daga nan sai waya. Na shiga WhatsApp da niyyar amsa saƙon wani mai kaya, na ɓige da kallon abin da sauran teloli suka ɗora, daga can na wuce TikTok. Wannan ya nuna sabon injin aiki, wancan ya jera kaftani goma sha biyu a jikin gunki, wani kuma yaro ne da na girme shi a sana'a. Kowane hoto sai ya ƙara kashe mini jiki, amma yatsana bai daina ja ba. Da na ɗaga kai ƙarfe goma sha biyu ta wuce.

Ana cikin haka Alhajin ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam tela, ina aka kwana a kan kayan yaron nan? Ka san sauran kwana goma sha ɗaya." Na ce, "Ranka ya daɗe, ana kan aiki, in Allah ya yarda Juma'a za ka aiko a karɓa." Ina faɗa ina kallon shaddar a cikin leda, yaron shago kuma yana kallona. Wannan ƙarya ita ce ta fi komai tsaya mini a rai yau. Mutane suna yi mana kirari da saɓa alkawari har "alkawarin tela" ya zama abin misali, kuma ranar da na buɗe shago na ɗaukar wa kaina cewa ba za a faɗi haka a kaina ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, hannun nan nawa bai mutu ba. A goman ƙarshe na azumi ni da yaron nan muna aiki daga bayan Tarawihi har sahur, mu ɗan runtsa, mu sake tashi, kuma babu ranar da na ji kasala, domin masu kaya suna tsaye a ƙofa, kowa yana ƙirga kwanaki. Da Sallah ta wuce aka daina tsayuwa a kaina sai jikina ya saki gaba ɗaya. Har yanzu kaya bakwai na rataye a bango, waɗanda na hana idona barci na ɗinka, masu su ba su zo sun karɓa ba, balle su cika kuɗi. Duk sanda na dube su sai zuciyata ta ce, to wahalar ta mece ce? Ga shi Babbar Sallah saura mako bakwai, kuma na san in ban rage aikin da ke hannuna yanzu ba, irin wancan rashin barcin zan sake shiga.

Bayan Azahar na ce wa yaro zan je Kasuwar Gumi sayen zaren aiki. Ina da zare a shago, fita kawai nake so in yi. Na hau Keke Napep har Ahmadu Bello Way, na sayi abin da bai kai a fita dominsa ba, na tsaya hira da mai sayar da maɓalli. A nan na tuna maganin hawan jinin Baba ya kusa ƙarewa, sai na saya na haye gada zuwa Makera.

Na same shi a zaure a kan tabarma, rediyonsa a gefe, ana ta ɓare mangwaro a tsakar gida. Ya dube ni ya dubi agogo, ya ce, "Lafiya, da ranar aiki?" Na ce lafiya lau, magani na kawo. Ya yi godiya ya sa albarka, sa'annan ya yi shiru irin nasa, wanda ke sa mutum ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba. Na gaya masa komai, har maganar shaddar da ƙaryar da na yi a waya.

Baba ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Tun da aka buɗe ta farko a 1957, zamanin Sardauna, unguwannin nan da agogon masaƙa suke kwana suke tashi, har zuwa shekarun 2000 da aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Ina yaro na sha ganin ma'aikata a kan kekuna suna tururuwa a lokacin canjin aiki, masu abinci da masu shayi sun yi layi a bakin ƙofa. Ya ce mini, "Mu jiniya ce take tashinmu. In ta yi kuka ba ka tambayar zuciyarka ko tana son aiki yau, takalmi kawai za ka sa, domin wanda za ka karɓa ya kwana a tsaye yana jiranka ya tafi gida." Na ɗauka daga nan faɗa zai biyo baya, ya ce yaran yanzu ba su san wahala ba. Maimakon haka sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Ya ce shekarar da aka rufe masaƙarsu ya yi wata goma sha ɗaya a cikin wannan zaure bai iya ɗaga ko tsinke ba. Lafiyarsa ƙalau, yana da ɗan jari, mutane suna ta ba shi shawarar abin da zai kama, kullum da dare sai ya tsara gobe, gari ya waye ya kasa fita. Mu a lokacin muna ganin kamar hutawa yake yi. Ya ce bai taɓa gajiya a gaban injin saƙa ba irin gajiyar da ya yi a zaune. Abin da ya fitar da shi, in ji shi, wani abokinsa ne mai teburin kayan masarufi da ya roƙe shi ya riƙa buɗe masa da safe kafin ya dawo daga sarin kaya. Kuɗin ba wani abin kirki ba ne, amma ya san in bai je ba teburin wani zai kwana a rufe, masu sayen sukari da ganyen shayi su juya. Ya ce, "Kai yanzu wa yake jiranka da safe?"

Na buɗe baki zan ce babu kowa, sai fuskar yaron shago ta faɗo mini, yana zaune a kan benci tun ƙarfe takwas da hannuwa a haɗe. Akwai mai jirana, ni ne na ba shi mabuɗi domin kada jiran nasa ya dame ni.

Game da shaddar kuwa Baba bai yi doguwar magana ba. Ya ce a masaƙa duk sanda za a ɗora sabon zare a inji mutum biyu ne ke dubawa, ko da na farkon ya fi kowa ƙwarewa, kuma babu wanda yake ɗaukar wannan a matsayin raini. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya karanta mini addu'ar neman tsari daga gajiyawa da kasala, ya ce in riƙe ta safe da yamma, shi ma ita ya riƙe a wancan lokaci.

Na koma shago bayan La'asar, an riga an ɗauke wuta. Yanka ba ya bukatar wuta, sai na jawo teburin zuwa bakin ƙofa inda haske yake, na wanke hannu, na shimfiɗa shaddar. Ƙamshinta ya tashi, tana ƙara a ƙarƙashin tafin hannu saboda ƙarfinta. Na miƙa wa yaro littafin awo na ce ya fara karanta sunan mai kaya da ƙarfi, sa'annan ya riƙa faɗa mini tsawo da faɗi da hannu ɗaya bayan ɗaya, ni ina aunawa da tef ina zanawa da alli, in na gama shi ma ya sake aunawa. A wurin tsawon 'yar ciki ya ce, "Oga, kamar akwai saura rabin inci." Na duba, gaskiyarsa ne. Na goge na gyara, na yi Bismillah, na sa almakashi. Hannuna ya ɗan yi rawa a yankan farko, daga nan ya daidaita. Kafin a kira Magariba mun fitar da babbar riga da 'yar ciki, kuma da na duba agogo duka aikin bai kai minti hamsin ba, aikin da na kwana tara ina kewaye shi.

Ban ji wani farin ciki mai yawa ba, nauyi ne dai ya ɗan ragu a ƙirjina. Wando yana nan ban yanka ba, aikin wuya sai an kai wa mai injin aiki, shi ma yana da layinsa, kuma Juma'ar da na faɗa ba za ta yiwu ba. Bayan Isha'i na kira Alhajin na gaya masa cewa da rana ban faɗi daidai ba, yau ne na yanka, Litinin zan kawo masa da kaina. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, Allah ya kai mu, amma kada ta wuce Litinin ɗin."

Da za mu rufe na karɓi mabuɗin daga hannun yaro. Ya yi tsammanin laifi ya yi, na ce masa babu laifin komai, daga gobe ni zan riƙa buɗewa, shi dai ya zo ƙarfe bakwai da rabi kamar yadda ya saba, in bai same ni ba ya tako gida ya yi sallama da ƙarfi. Na gaya wa maiɗakina, ta ce za ta dama kokon tun kafin in dawo daga masallaci. Mabuɗin yana cikin aljihun rigar da zan sa gobe, wayar kuma na bar ta a falo tana caji, yanzu da aka dawo da wuta.