Fano na 12 ba bolt 12 yake bayarwa ba

Ranar Alhamis na miƙa makullin cibiyar, bayan shekara huɗu ina koya wa yara kwamfuta a cikinta, ina kuma zama mai gyaran wuta ba tare da an taɓa ƙara mini ko dala a kan wannan ba. Waɗanda suka san wurin sun san labarin allunan kwamfuta biyar da suka ƙone, amma daga bakin Alhaji mai cibiyar suka ji shi. Ga nawa.

A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta katse layin wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Damagaram ta sha duhu, tunda yawancin kuran ɗinmu daga can yake zuwa. Ɗalibai sun biya kuɗin wata, su zo su zauna suna fifita da littafi. Ni na kawo shawarar sola, kuma ni na lura da wani abu: allunanmu takwas duk da ƴar caja suke aiki, a bayanta an rubuta bolt 12. Wato cajar tana karɓar 220 na bango ta sauke shi zuwa 12. Na ce to me zai sa mu ɗauki 12 na batir mu hau da shi 220 ta inbata, sannan mu sake saukowa? Kowace hawa da sauka akwai wutar da ke tafiya a zafi. Sai na bar inbata ga kwamfutocin kawai, alluna kuwa na ja musu waya kai tsaye daga regilata, wato na'urar da ke daidaita wuta tsakanin fano (faifan sola) da batir. Har yau ina ganin dabara ce mai kyau, kuma wata biyu ta yi tana aiki lafiya lau.

Lissafin ma ban yi kuskure ba. Wat shi ne bolt sau amfiya. Allo ɗaya wajen wat 20, takwas 160, a raba da 12 ya ba da amfiya 13 da ɗoriya. Da a 220 ne, ko amfiya ɗaya ba ta cika ba. Shi ya sa na nace sai an sayo waya mai kauri, don siririyar wayar kwan fitila da Alhaji ya kwaso daga gida zafi za ta yi ta narke. Nan na ci nasara. Inda na faɗi shi ne mita. Na roƙi a saya mana mitar awon wuta, kuɗinta bai kai na buhun gawayi biyu ba, ya ce, "Malam, kai da ka yi lakwal, idonka ai mita ne." Na yi dariya na bari. Wannan dariyar ita ta ci ni.

Wata Asabar da hantsi Alhaji ya shigo da yaron motarsa, ana suna a gidansa, firjin ya kwana ba wuta. Ya ce in cire batir su tafi da shi, da la'asar a maido.

Na ce, "Alhaji, yara suna tsakar darasi."

Ya ce, "Ga rana nan kamar ta fasa kai, fano bai ishe su ba?"

Ni ma a raina haka na ɗauka. Fano na 12, allo na 12, me ya rage? Na sa sifana na kwance kan batir. Ban ƙarasa miƙewa ba na ji ƙas, ƙas, daga layin gaba, sai wari irin na robar da ta faɗa murhu. Wata yarinya ta ce, "Malam, nawa ya mutu." Biyar ne a kunne, biyar ɗin suka tafi. Ukun da suka tsira, masu su ba su zo ba ran nan.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole shi ya warware mini, da na kai masa allo ɗaya a bayan babur. Ya buɗe, ya nuna mini kondansata guda biyu sun kumbura kamar ƙosai, an rubuta bolt 16 a jikinsu, wato iyakar abin da za su iya ɗauka. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa juya fanon nan ka karanta bayansa?" Ban taɓa ba. Abin da ake kira fano na 12 ƙwayoyi 36 ne a jere, kowace tana ba da fiye da rabin bolt, idan ba komai a jikinsa yana kaiwa 21 ko 22. An ce masa na 12 ne don batirin 12 aka yi shi ya caza, ruwa kuma ba ya gangara sai daga tudu. Batirin shi ke riƙe wutar a ƙasa, tsakanin 12 da 14 da ƴan kai. Da na cire shi, ƙaramar regilatarmu ta rasa abin dogara, ta sako wa alluna wutar fano yadda take. Ƙa'idar kuwa tana cikin ƴar takardar da ke kwalin, wadda muka jefar: wajen haɗawa batir ne farko, wajen kwancewa fano ne farko.

Laifina ne, ban musa ba ko a ranar. Hannuna ne ya riƙe sifana. Abin da ban haɗiye ba har yanzu shi ne yadda aka ba da labarin. Alhaji ya yanke mini rabin albashi wata uku, ya gaya wa iyayen yara wai gwaje-gwajena ne suka jawo, bai ambaci suna ba, bai ambaci firji ba. Batirin ma sai Litinin ya dawo, an tsotse shi ƙaf, daga nan bai sake riƙe caji kamar da ba, don batirin dalma ba a so a ci fiye da rabinsa. Wannan ma ni aka ɗora wa.

Wanda zai gaje ni, ga kaɗan. Yanzu kowane allo yana bayan ƙaramar na'urar da ke tsayar da wuta a 12 cif, kar ka cire ta ko an ce maka ɓarnar kuɗi ce. Fiyus yana kusa da kan batir, idan ya tsinke a sayi wani, ba a ɗaura waya ba. Lokacin hunturu a goge fano da sassafe kafin ya yi zafi, ƙurar kwana uku ta isa ta sa batir ya kasa cika. Bazara kuma kar ka yi mamaki in wuta ta ragu, zafi rage ƙarfin fano yake yi. Idan aka ba ka umarnin da ya shafi waya, ka nemi a faɗa a gaban mutum na uku.

Alluna huɗu daga cikin biyar ɗin na tada su da hannuna, da dare, a shagon dattijon nan, kuma su ne yara ke amfani da su yau. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi suka dawo. Da zan fita ranar Alhamis Alhaji ya hango mita a jakata, ya ce ai ta cibiya ce. Na ciro rasit na nuna masa.