Godiya ga waɗanda suka yi jinyar maigidana

Assalamu alaikum. Yau kwana 12 da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama. Tun ranar nake son rubuta wannan, in ɗauki waya in ajiye. Akwai masu bina bashin godiya a asibitin da ya yi jinya, kuma yawancinsu fuska da murya kawai na sani.

Abin ya faro da ciwon kai da sassafe, sai kuma magana ta riƙa kuɓuce masa. Ya ce a miƙo masa makulli, alhali cokali yake nufi. Muka ɗauka gajiya ce. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, aka ga ƙari a ɓangaren hagu, inda magana take. Bayan tiyata da gwajin tsokar da aka ciro, sakamako ya fito: giliyobilastoma, sankarar ƙwaƙwalwa mai mataki na 4, wanda babu na gaba da shi.

Na fara da likitan da ya yi masa aikin. Likita, ranar nan kujera ka jawo ka zauna, ka tambaye shi ko yana son jin komai. Ya ce yana so. Ka ce wannan ƙarin saiwoyi yake yi cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa, wuƙa ba ta iya kwashe shi duka, kuma ko da cikakken magani, tsakaicin abin da aka saba gani wajen wata 15 ne, sauran na Allah ne. Wallahi ranar na ji haushinka. Sai daga baya na gane abin da ka ba mu. Da wannan gaskiyar ya biya basussukansa, ya rubuta wasiyya, ya naɗa wa kowane yaro saƙon murya tun bakinsa na tashi. Da ka rufe mu, da babu ko ɗaya.

Masu gasa ƙarin da hasken na'ura, na gode. Sau 30 muka zo, kwana 5 a mako har mako 6, ga ƙwayar temozolomaid, maganin sankara, kullum. Akwai wata rufar fuska ta roba mai raga-raga da aka ƙera daidai kansa, ana maƙale ta a jikin gado don kada ya motsa. Mutumin da ban taɓa ganin tsoronsa ba, wannan abu ya sa shi gumi. Wani matashi a cikinku ya riƙa yi masa magana ta lasifika daga waje yana gaya masa saura minti kaza, har ya saba.

Mun samu watanni na sauƙi, sannan ƙarin ya dawo.

Inda zan daɗe shi ne ɗakin da ya yi makonninsa na ƙarshe. A lokacin ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Amma babu nas ɗin da ta taɓa shi ba ta yi masa sallama ba. "Malam, zan juya ka yanzu." "Malam, allura ce, ka yi haƙuri." Sai ta ja labule tukuna. Ni da nake matarsa har na fara yin maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, ganinku ne ya sa na ji kunya na daina. Duk awa 2 kuna juya shi, dare da rana, shi ya sa har ya koma ga Allah babu gyambon kwanciya ko ɗaya a bayansa. Ku kuka koya mini jiƙa masa leɓe da auduga da haɗiya ta gagara. Da dekzametason, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, ya kumbura masa fuska har autarmu ta ƙi matsowa, Sista ce ta durƙusa ta ce mata Abbanta ne dai, magani ne ya sa, ta kama hannunta ta ɗora a nasa.

Ban manta da Baba mai goge ɗaki ba, wadda in ta tarar yana barci sai ta tsallake wajenmu ta dawo daga baya.

Likitar da ke kula da sauƙaƙa raɗaɗi ita ta cire mini tsoron mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, ta daidaita shi har goshinsa ya daina tamurewa. Ita ce kuma ta faɗa mini yadda numfashi zai canja, ya ja ya tsaya ya dawo, ta ce in na ga haka in kira 'yan uwa. Na kira, kuma sun iso yana da rai. Nas ɗin dare ta ce in ci gaba da yi masa magana, mai yiwuwa yana ji. Ina yi masa addu'a a kunne ya cika.

Allah ya saka muku da alheri, ya duba bayanku, ya ba marasa lafiyar da ke hannunku sauƙi.

Sai ke, Sistar da na ɗaga wa murya wani dare saboda allura ta makara. Ba ki ce mini uffan ba, kika yi masa, bayan awa ɗaya kika dawo mini da bargo. Na neme ki ranar da za mu tafi aka ce ba kya aiki. Don Allah ki yafe mini.