Fostar taron masana: rabin aikin ragewa ne

Shagona yana Samaru, gefen titin Sakkwato, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Mu huɗu ne a ciki: ni, da yara biyu masu zama kan kwamfuta, da wani ƙanena da ke kula da injin buga manyan takardu da janareta. Muna buga katin aure, muna ɗinke kundin ɗalibai, amma abin da aka fi saninmu da shi shi ne shirya wa malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku fosta da silaid, wato shafukan da ake haskawa da majigi, idan za su tafi taron ƙara wa juna sani. Masu zuwa mana sun haɗa da mutanen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, da na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, da likitocin asibitin koyarwa. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙungiyoyin masana da yawa ke yin taronsu na shekara, sai mu raba dare a shago.

Mutane suna ɗauka bugawa ce sana'ar. Bugawa ba ta cin rabin awa. Abin da ke cin yini shi ne shawo kan mai bincike ya yarda a rage rubutu.

Malami zai shigo da maƙala mai shafi ashirin a filas, ya ce a mayar masa fosta. Ya yi shekara biyu yana auna tsawon masara ko yana ƙirga ƙwayoyin cuta, kowane layi jininsa ne, don haka ba na ganin laifinsa. Sai dai wanda zai karanta fostar a tsaye yake, yana tafiya tsakanin alluna masu yawa, da kofin shayi a hannu, kuma daga nesa zai yanke shawarar ko ya matso ko ya wuce. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, in mutum ya tare ka a bakin masallaci ya ce me ka gano, me za ka ce masa kafin a tayar da iƙama?" Amsar da ya ba ni, ita muke sawa a sama da manyan haruffa. Yawanci farfesoshi sun fi saurin yarda. Ɗalibai ne ke da taurin kai, don suna tsoron mai duba aikinsu ya ce sun bar wani abu.

Tambayata ta farko kullum ita ce, ina takardar masu taro? A nan ake faɗin girman allo. Tarukan gida da na Turai sun fi neman A0, wato santimita 84.1 da 118.9, a tsaye. Faɗinta murabba'in mita ɗaya ne, daidai da takardar A4 guda 16. Wasu suna cewa A1, rabin waccan. Na Amurka kuwa da inci suke awo, galibi 48 da 36, a kwance. Wanda ya shirya a kwance alhali allon a tsaye yake, sai ya ga fostarsa ta shiga filin maƙwabcinsa, kuma ba a gyara wannan da almakashi. A PowerPoint mafi yawansu suke aiki, kuma ba matsala, domin yana karɓar shafi har inci 56. Abin da ya kamata shi ne a saita girman tun kafin a rubuta harafi ɗaya. Wanda ya yi a ƙaramin shafi ya ce mu ja masa, hotunansa za su fashe.

Hotuna su ne ciwon kanmu. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a waya yana kyau, a kan A0 sai ya koma dishi-dishi. Muna roƙo a turo shi a matsayin fayil, ko a kawo ainihin wanda kyamara ta ɗauka. Tambarin jami'a da na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ga waɗanda asusun ya ɗauki nauyin bincikensu, su ma haka, an fi kwaso su daga intanet ƙanana. Sannan ga launi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu. Shuɗi mai walƙiya da ake gani a allo yakan fito da ɗan duhu. Shi ya sa ba na buga babba sai na fitar da gwaji a A4 mai ita ya gani ya sa hannu. Gwajin yana da wani amfani: in ka riƙe A4 ɗin a tsawon hannu ka kasa karantawa, to babbar ma ba za ta karantu daga mita biyu zuwa biyu da rabi ba. A shagona girman haruffan rubutun ciki ba ya sauka ƙasa da maki 24, take kuma daga 80 zuwa sama.

Malaman sashen harsuna suna da tasu matsalar daban. Da yawa har yanzu suna da tsofaffin fayiloli da aka rubuta da haruffan Rabi'at ko Abdalla. In aka buɗe a kwamfutar da ba ta da su, duk ƙ da ɗ da ɓ sai su rikiɗe su zama wasu alamomi. Ka yi tunanin mai gabatar da bincike kan nahawun Hausa, misalansa duk sun lalace a gaban masana. Muna mayar musu da rubutun zuwa haruffan Unicode kamar Charis SIL, mu rufe shi a PDF, sannan hankali ya kwanta.

A 2019 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Jihar Michigan, Mike Morrison, ya fito da wani salo da ya yaɗu: a rubuta babban sakamakon da jimla ɗaya a tsakiya, bayanai a gefe, a ƙasa a sa lambar QR mai kai mutum ga cikakkiyar maƙala. Ina son tunanin, amma ban ɗauke shi duka ba. Alƙalan fosta a tarukanmu suna neman gabatarwa da hanyar bincike da sakamako da kammalawa a jere, kuma fili mai yawa ba rubutu suna ganinsa kamar lalaci. Sai na raba gardama: tsohon jerin yana nan, amma sakamakon ya fi komai girma, jadawali mai lambobi ɗari kuma ya koma zane ɗaya.

A kan me za a buga? Wasu suna cewa fileks, ledar nan da ake buga bana a kanta, don araha. Fileks na 'yan siyasa ne da masu walima, yana da nauyi, yana wari, ƙananan haruffa ba sa fita a kansa. Takarda marar sheƙi ta fi, don mai sheƙi tana mayar da hasken fitilun zaure. Mai hawa jirgi kuwa ina ba shi shawarar yadi. Ya fi tsada, amma ana ninke shi a akwati, a goge da dutsen guga marar zafi sosai, ba sai an yi ta fama da doguwar gwangwani a filin jirgi ba.

Silaid aikinsa ya fi sauƙi, hujjar dai ɗaya ce. An ba mutum minti 15, ya zo da shafi 40. Ina ce masa ya cire mintunan tambayoyi, ya lissafa kusan shafi ɗaya a minti ɗaya. Muna tambaya ko majigin wurin mai faɗi ne, 16:9, ko tsohon yayi, 4:3. Muna ba shi kwafin PDF a filas, wani kuma a imel ɗinsa. Akwai benci a bayan shago inda ɗalibai ke gwada jawabinsu, yarona yana riƙe da agogon waya. Wannan ba ma karɓar kuɗinsa.

Kasuwar ba ta da tabbas. A 2020 korona ta mayar da taruka kan Zoom, injin ya yi ƙura. A 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, Samaru ta yi tsit, katin aure ne ya riƙe mu. Tun daga lokacin na raba farashi gida biyu, kuɗin tsarawa daban, kuɗin bugawa daban, domin yanzu akwai tarukan da fostar da ake nunawa a allon kwamfuta kawai suke nema, ba takarda. Rabin kuɗi kuma kafin a kunna inji. Na kan ji "Malam, bari kuɗin tafiya su fito", amma tawada da dizal da kuɗi a hannu nake sayensu. Wanda ya zo daren tafiya yana biyan ƙari, kuma ina gaya masa tun a bakin ƙofa cewa gyaran rubutu ba ya cikin cinikin.