Talata, 25 ga Yuli 2023: Cranston a Times Square

Yau yajin aikin 'yan wasan fim da talabijin na Amurka ya cika kwana 12. Da yamma na kalli gangamin da ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA ta yi a dandalin Times Square na New York, inda Bryan Cranston, tauraron shirin Breaking Bad, ya hau mumbari ya kira sunan shugaban Disney, Bob Iger, ya ce ba za su yarda a ƙwace musu aiki a miƙa wa na'ura ba.

Wasu na cewa me ya kai attajiri irinsa wurin? Mai faɗin haka bai san hanyar da ya biyo ba. An haife shi a 1956. Ya yi tallace-tallace, ya fito a shirin Loving a 1983, ya ara wa dodannin Power Rangers murya, ya fito a matsayin likitan haƙori a shirin Seinfeld. Sai a 2000, yana da shekara 43, ya samu gurbi mai ɗorewa a Malcolm in the Middle. Breaking Bad kuwa sai 2008, kuma Vince Gilligan, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya tuna da shi ne saboda fitowa guda da ya yi a The X-Files a 1998. Kusan shekara 20 ke nan yana cin abinci da ƙananan fitowa.

Abin da ya riƙe irinsa a lokacin shi ne kuɗin maimaici. Duk sanda tasha ta sake haska shiri, ko aka sayar wa wata tasha, ɗan wasa na samun caki. Yana raguwa a hankali, amma yakan biya haya a watannin da waya ta yi shiru. Zango guda na shiri kuma kashi 22 ne ko kusa da haka. Malcolm kaɗai kashi 151 ne a zango 7. A dandalin intanet zango ya koma kashi 8 zuwa 10, ga doguwar jira kafin na gaba, kwantiragi kuma kan ɗaure mutum ya kasa karɓar wani aikin. A can, ya zuwa 2023, kuɗin maimaicin ba ya la'akari da yawan masu kallo, alƙaluman ma kamfanoni ba sa fitarwa.

Ga inda abin ya fi ciwo. A 2023, sai ɗan wasa ya samu dala 26,470 a shekara kafin ya shiga inshorar lafiyar ƙungiya, kuma mafi yawan mambobinta kusan 160,000 ba sa kai wa nan. Daga abin da ya shigo, wakili na cire kashi 10 cikin 100, manaja ya ɗauki nasa, sannan haraji. Gwajin neman aiki ma yanzu a gida ake ɗauka: kyamara, fitila da mai karanta maka ɗaya ɓangaren duk a wuyanka suke.

Batun ƙirƙirarriyar basira ya fi tayar min da hankali. Ƙungiya ta ce an nemi a ɗauki surar masu cika taro a fim a biya su kuɗin yini guda, a ci gaba da amfani da ita. Kamfanoni sun musanta. Ina bayan 'yan wasan, domin a waɗannan ƙananan guraben ne sabon shiga ke koyon tsayuwa gaban kyamara. Marubutan fim ma suna yajin aiki tun 2 ga Mayu, kuma rabon da ƙungiyoyin biyu su yi yaji tare tun 1960.